Akwatin Zakari a Duwatsun Fotugal

Mutanen unguwarmu ta Misfala a Makka sun san ni da yawan tambaya. In na sayi nama sai na tambayi wanda ya yanka, in na yi alwala sai na sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Haka Allah ya yi ni. Shi ya sa da na ce na taɓa kwana uku a wani ƙauyen Nasara can kan duwatsun Fotugal, wasu suka yi dariya, suka ce Isiyaku da ko burodin tamis na Makka sai ya juya shi ya duba bayansa. Don haka na ga gara in rubuta, da ɗan bokon da na samu a elemantare kafin mahaifina ya taso da mu daga Katsina.

A shekarun bayan babban yaƙi ina aikin wanki da guga a wani jirgin kaya mai ɗaukar auduga da fatu daga Bur Sudan zuwa Turai. A nan na san Zakari. Mutumin Fotugal ne, mai zuba kwal a injin, sunansa Zakariyas, ni kuwa na gajarta masa, shi ma ya mayar da ni Isaki. Muna magana da wani gaurayen Larabci da Turancin jirgi wanda in ba mu ba babu mai gane shi. Duk ranar da kuku ya dafa alade, Zakari yakan turo mini kifinsa na gwangwani, ya ce in duba da kyau, wai ya ji labarin kifin ma kakansa alade ne. Yakan ba ni labarin ƙauyensu da uwarsa Roza, da kawunsa Bentu wanda ya yi aikin gini a ƙasar Magrib har ya iya Larabci.

Zazzaɓi ya kama shi bayan mun wuce Suwez. Kwana biyar ina kai masa ruwa, a na shida ya cika, aka sa shi a teku. Kafin nan ya nuna mini akwatinsa na katako da ɗan yatsa, ya ba ni wata takarda mai sunan ƙauyensu da garuruwan da ake bi. Ya ce uwarsa ba ta karatu, in aka aika wasiƙa wani ne zai karanta mata a tsaye a bakin ƙofa. Ya kama hannuna ya ce, "Isaki, kai za ka gaya mata. Da bakinka."

Na ce to. Tun daga wannan to ɗin ban sake cin abinci da daɗi ba.

Allah ya yi injin jirgin ya samu matsala, aka shiga da shi tashar da ke kusa da birnin Forto don gyara. Kyaftin ya ba ni kwana bakwai da wata takarda mai hatimi, ya ce in na wuce haka in nemi wani jirgin. Na ɗaura akwatin a bayana da igiya, na zuba dabinon Madina a aljihu, na sa kwat ɗina mai kauri da na saya a Fot Sa'id.

Jirgin ƙasa na farko ya bi gefen wani babban kogi, duwatsu dama da hagu an yanka su hawa-hawa an shuka inabi. Na biyu ƙarami ne, yana hawa yana nishi, har a wasu wurare mutum zai iya sauka ya tsinki ganye ya dawo. Mutanen cikin taragon suka yi ta kallona, wata tsohuwa ta shafa bayan hannuna ta duba yatsanta. Ban ji haushi ba, ni ma kallon su nake. Da rana ta yi suka buɗe ƙunshi, suka miƙo mini burodi da wani jan nama a tsakiya. Na dafa ƙirji na girgiza kai. Suka sake miƙowa, na sake ƙi, har mai naman ya ɓata rai ya juya mini baya. Na miƙa masa dabino uku, ya karɓa ya ci, ya ajiye ƙwallayen a aljihu. A ransa wataƙila zai shuka ne.

Da yamma muka isa wani tsohon gari da ake kira Shabis. Akwai gadar dutse a can mai baka-baka da yawa, da ginshiƙai biyu a tsakiya an sassaƙa rubutu a jiki. Haruffan irin na boko ne, na tsaya ina haɗa su ban gane ko kalma ɗaya ba, har wani ɗan sanda ya zo ya karɓi takarduna. Ya juya takardar kyaftin ya sake juyawa, ya ƙwanƙwasa akwatin, ya ce in buɗe. Wannan ne karo na farko da na ga abin da ke ciki, don na ɗauka buɗe amana haramun ne. Aska ce, da riguna biyu, da ɗankwali mai furanni da ya saya wa uwarsa, da takalma sau-ciki masu kauri waɗanda ba ya sawa sai in mun sauka a tasha. Ɗan sandan ya rufe ya sallame ni, har ya nuna mini wani wuri kusa da kogi inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mata suna ɗiba da tulu. Na daɗe ina tunanin ko ruwan da ya fito da zafinsa ya halatta a yi alwala da shi. Daga baya na surka da na kogi na yi. Alƙibla kuwa gizagizai sun rufe rana, sai na yi la'asar sau biyu, kowace ta fuskanci wani gefe. Da na sallame na tuna da Makka, inda ba a neman alƙibla, ɗaga kai kawai ake yi. Hawaye suka zo mini.

A garin ne na gano kastana, wani ɗan itace mai ɓawo da ake gasawa a kan garwashi. Na tsaya na ga da idona babu mai babu kitse, sannan na saya. Shi da dabino ne suka riƙe ni.

Washegari na samu wani direban lori mai ɗaukar buhunan gishiri. Na nuna masa takardar Zakari, ya buga ƙirji ya ce har ƙofa. Bai nemi kuɗi ba, kwat ɗina ya nuna. Na yi ta lissafin kwanakin da suka rage mini, na cire na ba shi. Muka yi ta hawa har kunnuwana suka toshe. Da muka kai wani gari mai ganuwa da dogayen hasumiyoyi na baƙin dutse, Muntalegri, sai ya sauke ni a mararraba, ya nuna wani tsauni da leɓe, ya ja motarsa da kwat ɗina a jikinsa. Na nuna wa wani mai sayar da kwanduna takardar, ya nuna rana a tsaka, ya ja hannunsa har faɗuwarta. Tafiyar rabin yini ke nan a ƙasa.

Ruwa ya sauko, irin siririn nan mai shiga ƙashi. Takalmina na roba ya tsinke, na ɗaure da igiya. Ban taɓa jin sanyi irin wannan ba ko a Ɗa'ifa. Ina cikin tafiya na ji wani kuka mai tsawo a bayana kamar ana yanka dabba, ashe amalanken shanu ne, ƙafafunsa na katako ke wannan ƙara. Shanun jajaye ne masu dogayen ƙaho, da Bafulatani zai gan su sai ya tsaya gaisawa. Mai amalanken yana sanye da kabido na ciyawa tun daga wuya har gwiwa, daidai irin na makiyayanmu. Ya dube ni ina karkarwa, ya jawo wani kabidon daga ƙarƙashin itace ya yafa mini, ya ɗora akwatin a amalanke. Da ya ga sunan da aka ƙona a murfin, sai ya dube ni ya sake duban akwatin, ya tuɓe hularsa ya mayar. Ban kula ba a lokacin.

Ƙauyen gidaje ne na dutse masu jinkar ciyawa, shanu a ƙasa, mutane a sama, hayaƙi yana fita ta cikin jinka don babu mafita. Mai amalanke ya tsaya a wata ƙofa ya yi kira. Wata gajeruwar tsohuwa ta sauko daga matakala tana goge hannu a zane. Goshin Zakari ne sak.

A nan na yi kuskuren da ya hana ni sukuni. Tun a jirgi na shirya yadda zan yi kamar yadda ake yi a gida: ba a faɗa wa mace mutuwa a bakin ƙofa, sai a nemi namiji babba, a zauna, a gaisa, a ce jiki ya yi tsanani, sannan a hankali a kai ga maganar. Amma da ta dubi akwatin ta dube ni ta ce, "Zakariyas?" sai bakina ya riga ni. Na dafa ƙirji, na yi murmushi, na gyaɗa kai na ce alhamdu lillahi, kamar yadda muke amsa gaisuwa ko da gawa na kwance a ɗaki. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyaɗa kai ita ma, ta ɗauki akwatin ta hau da shi.

Na ce, "Bentu?" Mai amalanke ya nuna bayan tsauni, ya yi kukan maraƙi, ya ɗaga yatsu biyu. Kawun ya tafi kasuwar shanu, sai jibi.

Tsohuwar ta kira ni sama, ta zaunar da ni a gindin murhu. Da na ɗaga kai sai na ga cinyoyin alade da tsiren hanji rataye a hayaƙi daidai saman kaina. Na matsa gefe. Ta zubo mini miyar kabeji, na ga maiƙo yana yawo a kai, na ƙi. Ta yanko baƙin burodi da wuƙar da ban san me ta yanka da ita ba, na ƙi. Na fito da kastanata ina ɓarewa kamar ɓarawo. Ba ta matsa mini ba, ta dai tsaya tana lura da abin da nake kallo kafin in ƙi.

Masaukina shi ne gidan tanderun gari. Wani ɗaki ne na dutse har rufinsa, da babban tanderu a ƙurya wanda duk ƙauyen ke toya burodi a ciki, gida-gida, kowa da ranarsa. Ɗumi ba ya barin wurin, don haka duk baƙo ko matafiyi a nan ake sauke shi, ba a tambayarsa daga ina. Na ji daɗin wannan al'ada, ta tuna mini da zaurukanmu.

Da safe na fito alwala, na ji muryar Inna Roza a wajen shanu a ƙarƙashin gidanta, tana wani rerawa ƙasa-ƙasa tana tatsa. Na ce a raina, ga ta nan tana waƙar murna. Kafin hantsi mata suka fara shigowa gidanta da rariya, ana tankaɗe gari buhu-buhu. Maza suka yi ta kawo itace ƙofar tanderu. Kowa ya wuce ni sai ya taɓa hula. Na tabbata biki ake shiryawa na dawowar Zakari, kuma ni na jawo, da murmushina da gyaɗa kaina. Na yi ƙarya a kan mamaci, na sa tsohuwa tana ɓarnar hatsinta a bakin hunturu. Sau biyu na tashi zan je in yi mata nuni da hannu, in kwanta in rufe ido, sai in ga ai wannan wulaƙanci ne, ba haka ya ce in yi ba. Da bakinka, ya ce. Ga kwanaki suna tafiya: in ban bar ƙauyen jibi da sassafe ba, jirgi ya tafi ya bar ni. In kuwa Bentu ya ƙara kwana a kasuwa, sai dai in zaɓa tsakanin jirgi da amana.

Wunin ranar na bi masu kiwo don in guje wa idonta. Awakin gari duka tare ake kora su, in an busa ƙaho da safe kowa ya buɗe ƙofa, gidaje kuma suna karɓa-karɓar kiwon. Da yamma kowace akuya ta san ƙofarta. Na zauna a kan dutse ina maimaita abin da zan faɗa, ina sake jera shi, dabinona ya ƙare.

Rana ta uku aka hura tanderu tun da safe. Mata suka shigo da ƙullun a manyan akusa, kowace ta zana alamar gicciye a kan nata da gefen hannu tana motsa baki. Na ce shi ke nan, burodin ma ya fita daga hannuna. Ina rakuɓe a ƙofa sai ga wani dogon tsoho ya shigo da sanda, gashin baki fari, ya tsaya a kaina ya yi mini sallama da Larabcin Magrib mai haɗiye rabin kalma. Ban taɓa jin daɗin sallama kamar wannan ba.

Na ja shi bayan ɗakin, na ce ya zauna. Na gaishe shi da hanya, na tambayi kasuwa, na tambayi iyali. Ya amsa yana kallona. Na ce, Kawu, Zakari ya yi rashin lafiya a jirgi, jikin kuwa ya yi tsanani ƙwarai.

Ya ce, "A ruwa aka sa shi ko a ƙasa?"

Na ce wa ya gaya masa. Ya ce tun a kasuwa labari ya iske shi, kuma ƙanwarsa ta sani tun ranar da na zo.

"Amma na yi mata murmushi, Kawu. Na gyaɗa kai."

"Ta gani. Ta kuma buɗe akwatin."

Ya tashi ya kira ta. Ta fito hannunta duk gari, ya gaya mata abin da na ce, ta amsa a taƙaice, ya juya mini: "Ta ce takalmansa suna ciki. Da me zai tako ya zo?"

Sannan ya bayyana mini sauran. Burodin nan ba na biki ba ne. A wurinsu in an yi mutuwa, gidan mamaci ke toya burodi a raba wa duk wanda ya zo, kowa ya ci ya tuna da shi. Abin da na ji jiya da safe a wajen shanu kuka ne, can take zuwa ta yi don kada in ji. Ta ga na iso a jiƙe, ba takalmi, ba baki, ina rawar ɗari, ta ce in ta fasa kuka a lokacin duk gari zai taru a kaina da tambaya, ni kuwa ba ni da abin amsawa. Sai ta hana a kaɗa ƙararrawar sanar da mutuwa har ɗan'uwanta ya dawo. Kwana biyu ina lallaɓa ta, ashe ita ma lallaɓa ni take.

Duk da haka na ce sai na faɗa da bakina, don haka na yi alkawari. Na durƙusa a gabanta na ce da Hausa, "Inna, Zakari ya rasu." Bentu bai fassara ba, ba ta kuma nema ba.

Ta zauna a kan dutsen ƙofa ta yi mini tambayoyi, a nan ne halin nan nawa da ake yi wa dariya ya yi rana, don babu abin da na manta. Ta tambaya ko shi kaɗai ne, na ce ina riƙe da hannunsa na dama. Ko ya sha ruwa, na ce cokali uku, na ƙarshen da ɗan sukari. Wa ya rufe masa ido, na ce ni. Da wace riga, na ce fara mai maɓalli huɗu, ni na wanke ta na goge da hannuna, na sake gogewa don wuyan bai kwanta ba. Da Bentu ya kai nan sai ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye, ta ce tun yana yaro wuyan rigarsa bai taɓa kwanciya ba. Daga nan ta fasa kukan da ta riƙe, matan suka fito suka kewaye ta, aka soma kaɗa ƙararrawa.

Da la'asar aka fito da burodi, mutane suka yi layi a ƙofar tanderu. Ina tunanin yadda zan ƙi ba tare da na ƙara mata ciwo ba, sai ta zo da wani ƙarami dabam, naɗe a ƙyalle. Bentu ya ce ta lura da ni tun ranar farko. Wannan ta kwaɓa shi a sabon kasko da gari da ruwa da gishiri kawai, ba ta zana masa komai ba, ta kuma ɗora shi a kan ganyen kabeji don kada ya taɓa ƙasan tanderun. Na juya shi na duba bayansa, ga shatin jijiyoyin ganyen a jiki. Wani tunani ya taso mini game da cin sadakar wanda ba Musulmi ba, na ji yana neman ya yi reshe kamar kullum. Na dubi hannunta da ke miƙe. Na yi bismilla na gutsura da hannu. Yana da tsami kaɗan da nauyi, na cinye shi tas a tsaye, tana kallo.

Da asuba na shirya. Mai amalanke ya ce zai kai ni Muntalegri. Inna Roza ta sauko da takalman Zakari ta ajiye a gaban ƙafafuna da ke ɗaure da igiya. Na ce ba zan iya ba, kayan gado ne. Bentu ya ce ita ce magajiyar, ta kuma bayar. Na ɗauki ɗaya na juya, na shinshina, na kasa daurewa, na tambaye shi a hankali ko fatar mece ce. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya gaya wa ƙanwarsa, ita ma ta rufe baki da sabon ɗankwalin da ta riƙe a hannu. Ya ce, "Saniya ce, ya Alhaji. Tawa ce ma. In kana so in gaya maka sunanta da na uwarta."

Takalman sun yi mini yawa kaɗan, Inna Roza ta cusa ulu a bakin. Da su na sauka duwatsun, na iske jirgi saura yini guda ya tashi.

Yanzu shekaru ke nan da na bar aikin jirgi, ina guga a shagona kusa da Harami. Takalman suna rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Ba a sa irinsu a zafin Makka, maiɗakina Hajara ta sha cewa in bayar, ni kuwa duk shekara in sanyi ya shigo sai in sauke su in shafa musu mai. Ranar nan ta tsaya tana kallona ina shafawa, ta ce abin da ke ba ta mamaki shi ne, a duk kayan gidan nan su kaɗai ne ban taɓa tambayar wani malami a kansu ba.